Daga Tsibiri Zuwa Tsibiri

Haladu, saƙonka ya iso ana kiran la'asar,
ina ƙarƙashin gadar Obalende, gilashi a ido ɗaya,
cikin wani agogo a buɗe a tafin hannuna.
Na ajiye shi. Yau lokaci ya jira ni.

Ka ce tsibirin naku na Girka fari ne fat,
gidaje kamar an wanke su da nono,
ruwan kuma ya fi bula shuɗi,
amma da dare, in jirgin ƙarshe ya tashi,
sai ka ji kamar an ja ƙofa an sa sakata
kana ciki.

Na san sakatar nan.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
da na baro Malumfashi a saman motar albasa,
ba ni da komai sai ƙananan sukudireba a aljihu.
Da muka hau gada, ruwa dama, ruwa hagu,
na runtse ido ina salati
ban buɗe ba sai Idumota.

Ka ce ba ka jin abin da suke faɗa,
baƙaƙensu ma kamar ƙugiyoyin kifi.
Ni wata bakwai na yi ina cewa "to",
har mai zagina na ce wa "to".
Iya Morufa mai ƙosai ce ta zaunar da ni a benci,
ta ɗaga barkono ta ce ata,
ta ɗaga ruwa ta ce omi,
ta ɗaga kuɗi ta ce, wannan ka zo da saninsa.
Tsohuwar da ke ajiye maka zaitun a bakin ƙofa
ta wuce ba ta ce uffan ba,
ita ce taka.
Kada ka mayar mata da kwano wayam.

Abincinsu ba yaji, na ji.
Uwarka ta ƙulla kuka da daddawa, ana jiran mai tafiya.
Kafin nan ka ci nasu.
Ni ma amala ta shekara tana kallona ina kallonta,
yanzu in ta yi kwana uku ba ta zo ba, ni ke zuwa cigiya.

Ofishin takardu ya ce ka dawo Talata,
Talata ta ce ka dawo wata Talatar.
Koma. Sa riga mai guga.
Ka riƙe sunan mai tsaron ƙofa,
shi ya san ranar da mai sa hannu ke zama.

Ka ce ba ladan, kai da wani Bamisire
kuke shimfiɗa kwali a bayan rumfar jirage.
Biyu ma jam'i ne.
Inji kuwa ba ya jin Girkanci, ba ya jin Hausa,
hannun da ya tashi na masunta a Ebute Ero
shi zai tashi nasu.

Wata rana baƙo zai tare ka da jaka a kafaɗa
yana tambayar hanyar tashar jirgi,
hannunka ya nuna kafin kanka ya yi tunani.
Ranar za ka ɗan tsorata.
Ni a Marina abin ya same ni, ana yayyafi,
na tsaya ina kallon yatsana
kamar ya yi mini ƙarya.

Uwarka ta saurari saƙon sau huɗu.
Ta ce muryarka ta rame.
Na ce iskar teku ce, ba ta yarda ba.

Cikin agogunan da ke rataye a akwatina
na tura ɗaya gaba da awa biyu.
Kowa ya zo sai ya ce, Malam, wannan ya lalace.
In ce, bar shi,
ba na sayarwa ba ne.